Daga Sama Gida Ba Ya da Ƙofa

Goron ya dawo yadda ya tafi, ko igiyar ƙunshin ba a taɓa ba.

Kawu Abarshi ya aje shi a bakin ƙofar Tanimun. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa.

"Da furfurata ka tura ni aka kunyata ni," in ji shi. "Alhaji Labbo ya ce in hwaɗa maka, shi ba ya ba da ɗiya ga mai leƙen gidajen mutane."

"Leƙe kuma, Kawu? Ni da ko zaurensa na biyu ban taɓa takawa ba?"

"Wa ya ce ta ƙasa? Ta bisa! An ce kana shiga jirgi kana ɗaukar matan mutane a tsakar gida, ba mayafi ba kallabi. An ce hoton gidansa na nan cikin akwatinka. Haba Tanimun! Marasa kunyar Konni duk ta katanga suke leƙe, kai sai da ka hau sama?"

Ya kaɗe rigarsa ya yi gaba, ya bar shi da goro.

Tanimun ma'aikaci ne a buro, wato ofishin kare amfanin gona na Birnin Konni. A shekarar da fara ta sauko daga arewa kamar hadari, aka kawo wani ƙaramin jirgi mai neman inda ta kwana kafin a turo masu feshi. Aka ce ana son wanda ya san daji ya zauna kusa da matuƙi yana nuna masa garuruwa. A ranar nan manyan buro duka suka tuna suna da hawan jini. Tanimun ne kaɗai bai tuna da wuri ba.

Tashin farko ya yi amai a cikin hularsa. Tashi na biyu ya buɗe ido ya leƙa taga, daga nan kuma bai sake zama mutumin kirki ba, in ji 'yan uwansa.

Ya ga fadamun albasa kamar an shimfiɗa tabarmi kore. Ya ga hanyoyin shanu sun taru a bakin rijiya kamar kitson amarya. Ya ga dogon bututun masana'antar siminti ta Malbaza, wanda ake hange daga nesa, ya koma kamar karan sigari. Sai ya sayi wata tsohuwar kyamara 'yar Rasha mai nauyin dutsen guga, ya rataya ta a wuya, har wuyan ya karkace.

Ya koyi abubuwa da asarar fim. Ba a jingina idon kyamara da gilashi, don rawar jirgi takan shiga hoto. Ana zama gefen da rana ba ta bugawa. Ana goge taga da hannun riga kafin a tashi. Duk da haka rabin hotunansa fiffiken jirgi ne, sauran kuma da babban yatsansa a gefe. Wanda ya nuna wa sai ya jujjuya ya ce, "To, ina mutanen?"

Mutum ɗaya ce ba ta yi wannan tambaya ba. Salamatu, 'yar Alhaji Labbo mai manyan motocin kamyo, malamar lakwal mai koya ma yara boko a Tsarnawa. Ita cewa ta yi, "Ara mani wanga in nuna ma yara, su san ƙasarsu ba ta ƙare a bakin kwalta ba."

Da wannan magana ta gama da shi.

A Konni ba a wanke irin fim ɗinsa, sai an kai Sakkwato. Tanimun kuwa, da irin dabarar da mu maza kan yi sannan mu zargi shaiɗan, sai ya riƙa ba Maikano saƙon. Maikano ɗan kasuwar albasa ne, kullum yana ƙetare iyaka, kuma motocin Alhaji Labbo ke masa dako. Duk Konni ta san Maikano na son Salamatu. Tanimun ma ya sani. Amma ya ce a ransa ai soyayya dabam, saƙo dabam.

Ashe Maikano na buɗe ambulan a hanya, shi ya kai ma Alhaji magana.

Washegarin dawowar goro, ana tashin yara, Tanimun ya jingine babur ɗinsa a gindin itacen bedi na lakwal ɗin Tsarnawa. Salamatu ta fito daga aji, alli a hannu, idanunta sun kumbura. Ba ta amsa gaisuwarsa ba, sai ta kira shi yadda ake kiran ma'aikata a buro.

"Mushe Tanimun, tambaya guda zan maka. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

"Madam, ki bari in..."

"Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauki Konni."

"Gidanmu na ciki?"

"Gidanku na cikin Konni."

Ta juya masa baya. Kafaɗunta suka fara rawa, ya rasa gane kuka ne ko dariya, sai da ta juyo ya ga duka biyun ne.

"Ka san abin da na ji a gidanmu jiya?" ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Inna ko abinci ba ta ci ba. Ta ce shekara da shekaru ba namijin da ya ga kanta sai Baba, yau ga ta a aljihun wani yaro. Ta hana a yi shanya a waje. In an ji ƙugin mota sai kowa ya ruga ɗaki, har kaji sun koyi gudu. Baba kuwa ya ce shi ya jawo, da ya bar ni na yi lakwal na kwaso masa ɗan sama jannati."

"Ni ne ɗan sama jannatin?"

"Akwai wani? Ya ce ba ya yi mani dole, shi ba irin waɗannan ba ne. Amma kai, ko bayan ransa. In dai aure nake so, ga Maikano nan, ɗan mutunci mai tafiya da ƙafa bisa ƙasa. In ba na so, in zauna in tsufa da alli a hannu."

"Kika ce mi?"

"Na ce alli bai taɓa cizona ba."

Tanimun ya matso kusa da ita. Ya cire hularsa, ya mayar.

"Salamatu, zan hwaɗa maki gaskiya ko da za ta kashe ni. Ranar nan da gangan na roƙi matuƙi ya bi ta bisa unguwarku. Na so in samu gidan da kike kwana in aje a ƙarƙashin matashina. Da hoton ya dawo na zauna da gilashin da nake duba ƙwan fara, na bi shi lungu lungu har idona ya yi ja. Wallahi ban gane gidanku ba."

"Kamar yaya ba ka gane ba?"

"Ni da mi na san gidanku? Da ƙofar nan shuɗiya, da dakalin da nake zama ina jiranki sauro na cina. Daga sama gida ba ya da ƙofa. Rufi ne da rufi, sai ɗigon baƙi da ban san mutum ne ko akuya ba. Unguwarku kuma kowane gida da kamyo a jikin katanga."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Wato laifin ma ba ka iya shi ba."

"Ban iya ba. Amma yau zan ƙone shi, shi da fim ɗin, a gaban Kawu, a kai ma Alhaji tokar."

"Kul!" Ta nuna shi da allin kamar ɗan aji. "In ka ƙone shi ka gama da mu. Kowa sai ya zuba abin da yake so a cikin tokar. Za a ce har Inna an gani tana wanka. Ka ɗauko shi ka kai ma Baba da hannunka, shi duba da idonsa."

"Ba zai bar ni in shiga zaure ba."

"To ka zauna a dakali. Ka saba."

"In ya kira jandarma fa?"

"Sai in kai maka tuwo." Muryarta ta karye. "Tanimun, ni na tsaya. Jiya na tsaya gaban mahaifina, abin da ban taɓa yi ba. Kada ka bar ni tsaye ni kaɗai."

Gobe ne za su tashi zuwa Illela, inda ruwan bana ya cika tafkuna, abin da ya yi damina guda yana jira, har ya tanadi fim mai launi. A kan hanyar zuwa nan ma tunanin ya faɗo masa, ya ji kunyar kansa. Yanzu ya neme shi ya rasa.

"Yau bayan la'asar," in ji shi.

Ya zauna a dakalin har inuwar katanga ta kai tsakiyar titi. Masu shiga suna shiga, masu fita suna fita, ba wanda ya ce masa kanzil. Wata tsohuwa ta fito da ƙwarya, ta dube shi sama da ƙasa. Gwaggo Tabawa ce, ƙanwar Alhaji, wadda tun rasuwar mijinta take zaune a gidan, kuma ita kaɗai ce ba ta tsoron muryarsa.

"Kai ne tsuntsun?" ta ce.

"Ni ne, Gwaggo."

"Ba ka da ko nama." Ta koma ciki. Jim kaɗan aka ji muryarta tana cewa, "Yaya, ko dai ka kore shi ko ka kira shi. Ya zauna mana a ƙofa kamar mun ci amanar maraya."

Aka ce ya shigo.

Alhaji Labbo na zaune bisa buzu, carbi a hannu. A gefensa Maikano ne cikin shadda mai sheƙi, ƙamshin turarensa na kokawa da warin albasa, albasa na samun galaba.

Tanimun ya durƙusa ya gaida su. Alhaji ya amsa da hanci.

"Mi ka kawo?"

"Laifina na kawo, Alhaji." Ya zaro hoton daga aljihu, bai fi tafin hannu ba, ya aje a gefen buzun, ya ɗora gilashin duba ƙwan fara a kai. "Ga shi. Ba wani bayan wanga. A duba, abin da aka yanke mani na ɗauka."

Alhaji ya ɗauki hoton da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Ya sa tabarau. Ya duba, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wanga mi ne ne? Tabon ruwa a bango?"

"Konni ce, Alhaji. A kife ka riƙe ta. Yauwa. Wanga baƙin zaren kwalta ce. Ga tasha, ga kasuwa, ga masallacin Juma'a."

"Masallacin ne wanga ɗan abin?" in ji Alhaji, kamar an rage masa wani abu. Ya ɗauki gilashin ya kanga a ido. "To, nuna mani gidana."

"Ban san shi ba."

"Kada ka maishe ni yaro!"

"Na rantse da Allah, Alhaji. Ba zan ɓoye ba, na nema. Na nema ƙwarai. Ban samu ba."

"Ka nema!" Alhaji ya buga carbi a buzu. "Maikano, ka ji? Da bakinsa! Ya nemi cikin gidana!"

"Ai na hwaɗa maka, Baba Alhaji," in ji Maikano, yana gyara zama. "Irinsu ba su da ta ido."

Alhaji ya koma kan hoton. Ya bi kwalta da farce, ya karya ta wajen tasha, ya ɓace. Ya dawo masallaci ya sake tasowa, ya faɗa cikin kasuwar dabbobi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mutumin da ya san kowane rami tsakanin Konni da Lokwaja, ga shi ya kasa kai kansa gida.

"Ni ban ga komi ba sai ƙuraje," ya ce a ƙarshe, muryarsa ta ɗan sauka. "Ko mace ko namiji ban gani ba."

Maikano ya ga abin na neman sulluɓe masa. Ya matso da gwiwa.

"Baba Alhaji, kawo ka gani. Ƙarya yake, gidan a fili yake." Ya karɓi gilashin, ya ɗan lalluba, sai ya dangwala yatsa. "Yauwa! Ga shi nan. Ka ga darbejiyar tsakar gida? To wanga dogon ɗakin na Hajiya ne. Wanga na kusa da madafa na Gwaggo Tabawa. Wanga na lungu mai sabon kwano na Salamatu ne, mai labule ruwan goro. Ga gindin lemon da take zama ana mata kitso ran Lahadi. Duk ga su nan, ya kwashe!"

Ya ɗago kai yana murmushin wanda ya ci kasuwa.



Alhaji ya miƙa hannu a hankali ya karɓi gilashin. Ya duba inda yatsan ya nuna. Ya daɗe yana dubawa.

"Na ga ɗigo baƙi, na yarda itace ne," ya ce. "Na ga rufi. Labulen ne ban gani ba, Maikano. Nuna mani ruwan goron."

"A'a, wato... ba a nan..."

"Hoton ma baƙi da fari ne. Kuma ban ga inda aka ce wanga ɗakin wance ne ba." Ya cire tabarau ya ninke. "Ni na gina gidan ga da hannuna ban gane shi ba. Kai da ba ka taɓa wuce zauren ga ba, a ina ka san inda ɗiyata ke kitso?"



Daga bayan ƙofar cikin gida aka yi gyaran murya.

"Yaya," in ji Gwaggo Tabawa, "tambaye shi mi yake yi bisa buhunan albasa duk ran Lahadi, in an jingine kamyo a katangarmu. Igiya guda yake ɗauri tun hantsi har azahar. Ni da na ɗauka igiyar ce ba ta da kirki."

Wani sauti ya biyo baya daga can ciki, kamar an toshe bakin mace da mayafi. Tanimun ya san wannan dariyar ko a cikin ƙugin jirgi.

Alhaji bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ban tsoro ke nan.

"Maikano, ka nemo 'yan dako su sauke albasarka daga motata kafin magariba. Ta ƙofar da ka shigo za ka fita. Ba sai ka hau komi ba."

Maikano ya tashi, shaddarsa na ƙara kamar takarda. Ya fita bai yi sallama ba, warin albasa ya ɗan tsaya bayansa kafin ya bi shi.

Tanimun ya ji fuskarsa na neman washewa.

"Kai kuma rufe haƙoranka," in ji Alhaji. "Shi ya nema ya gani, kai ka nema ba ka gani ba. Niyyarku guda, shi dai ya fi ka iya aiki."

"Haka ne, Alhaji."

"Abin da ya raba ku, kai ka kawo naka da ƙafarka." Ya ja carbi, ya ja, ya ja. "Ɗiyar nan jiya ta tsaya gabana ta mayar mani da magana. Tun tana rarrafe ba ta taɓa ba. Na kwana ina tambayar kaina, a kan wa? Yau na gani. A kan mutumin da aka ɗaga shi sama ya kasa gane gidan budurwarsa."

Ya nuna kyamarar da ke rataye a wuyan Tanimun.

"Ciro abin nan."

Tanimun ya dafe ta, bai san ya dafe ba.

"A nan za ta zauna, cikin akwatina, har a shafa fatiha. Bayan nan a ba ka kayanka, ka ɗauki dajinka da shanunka. Amma in jirginku ya zo bisa Konni, ka rufe mata ido, kai ma ka kau da naka. Garin ga da matan mutane a ciki. Ka yarda, ka ce ma Abarshi shi dawo da goron. Ba ka yarda ba, ƙofa ba ta rufe ba tukuna."

Tafkunan Illela suka gilma masa, cike, suna walƙiya da safe. Kafin a shafa fatiha sun ƙafe, sai wata damina, in ma fara ta sake zuwa, in ma an sake kawo jirgi.

Ya sunkuyar da kai ya zare igiyar. Ya aje kyamarar da hannu biyu a gaban Alhaji, kamar mai miƙa jariri.

"A kula da ita, Baba. Ba ta son zafi."

"Ni za ka koya ma ajiya? Tashi ka ba ni wuri."

Ya kai bakin ƙofa yana neman takalmi, wuyansa sakayau kamar ba nasa ba, sai ya ji an ce, "Kai."

Ya juyo. Alhaji ya sake sa tabarau, hoton na hannunsa, wannan karon ba a kife ba. Bai ɗago ba.

"Garin Dogarawa. Kun taɓa bi ta bisanta?"

"Sau da yawa, Baba."

"Gabas da gari akwai wata tsohuwar rijiya da gawo biyu a kanta. Gonar tsohona ce." Ya yi tari. "Ana ganinta?"

"Ana gani. Har turbar da ke zuwa rijiyar."

"To ka haɗo da hotonta ranar goro. Ba don komi ba. In ga ko maƙwabta sun ci iyaka."

Tanimun ya fito titi. Ga ƙofa shuɗiya, ga dakalinsa. Bisa katanga kan darbejiya na kaɗawa, ita ce wadda ya sha wucewa a cikin hoto yana ɗaukarta tabon yatsa. Gobe da safe jirgi zai tashi, zai karkata ta bisa gari kafin ya miƙe Illela, kuma a karon farko Tanimun ya san daidai inda gidan yake.

Ya hau babur ɗinsa yana gwada yadda zai juya wuya ya kalli matuƙi in sun zo bisa gari.